Lurwanu da Sirrin E.G.

Shekarar da Lurwanu ya dawo daga biɗa, wato ci-rani, a Legas, bai kawo rediyo ba, bai kawo katifa ba, Ingilishi ya kawo. Dakon siminti ya yi wa masu gini a can, amma da ya sauka daga mota a Tabotaki da baƙin tabarau a fuska, sai ka rantse daga jami'a yake. Tun daga bakin rijiyar ƙauyenmu ya fara ɗaga wa mutane hannu yana cewa, "Hawa yu! Hawa yu!"

Taubashinsa Alhusaini, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, ya tare shi a hanya.

"Lurwanu, wace Hawwa kake biɗa haka da rana tsaka? In ɗiyar liman ce, ta yi aure tun bara."

"Jahilci dai bai yi ba," in ji Lurwanu. "Gaishe ka nike da Ingilishi."

"To na amsa. Ina tsarabata?"

"Tsarabar da na kawo ta gari ce duka. Ku dai jira."

Ba mu daɗe muna jira ba. Layya ta matso, kuma a wajenmu in layya ta matso babu gidan da ba ka jin kukan rago. Fatake kan taso daga Madawa ranar kasuwar Tabotaki, su zaɓi manya-manya su loda a kamiyo, babbar motar kaya, sai Abijan. Mairamu, matar Lurwanu, tana da nata, fari mai baƙin kunne. Uwar ragon ta mutu tun yana ɗan mitsitsi, ita ta raine shi da kunu, ta sa rai in ta sayar da shi za ta sayi keken ɗinki.

Wata rana bayan la'asar muna zaune gindin dogon yaro, sai ga Lurwanu da wata leda mai ƙyalli. A jikinta an zana wani rago, wuyansa kamar na bijimi.

"Wanga da kuke gani, shi Turawa ke ba ragunansu," in ji shi. "Garin ƙiba ne. Rago ya lasa, kafin Salla sai an faɗaɗa mashi ƙofa."

Aka yi ta miƙa ledar hannu zuwa hannu ana kallon hoton. Alhusaini ya juya ta, ya ga rubutu.

"To malamin Ingilishi, karanta muna."

Lurwanu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Abin da ke rubuce shi ne: Mix with feed, e.g. bran or groundnut cake. Ya ɗora yatsa a kan kalmar farko.

"Miks. Wanga na san shi sarai, kullum shi injiniya ke faɗa muna wurin kwaɓa siminti. A cuɗa ke nan." Yatsan ya yi tsalle ya sauka a tsakiyar layi. "A cuɗa da E.G."

"Sauran rubutun fa?"

"Gaisuwa ce kamfani ke yi ma mai saye."

"E.G. ɗin kuma mi ne ne?"

"Magani ne. Shi ne sirrin abin. Ba su rubuta sunanshi duka ba don kada irinku su gane."

"Kai ka gane?"

"Ni da na zauna Legas?"

Nan take ya bayyana shirinsa. Kowa ya kai ragonsa bayan gidan Lurwanu, shi zai zama direktan kiwo, ya haɗa garin nan da E.G. ya ba su. Ranar kasuwa fatake za su yi ta rububi, sunan ƙauyenmu ya kai har Abijan. Hoton nan ya ci mutane. Kafin magariba an fara jan raguna, har maigari ya aiko da nasa. Mairamu ce kaɗai ta tsaya a bakin turkenta.

"Malam, ragona lafiyarshi lau. Dusa shike ci da harawa, shina ƙiba."

"Ke matar direkta ce. In naki bai shiga ba, mi mutane za su ce?"

Ta kwance igiyar, amma fuskarta ba ta kwance ba.

Saura E.G. Lurwanu ya je kasuwar Madawa, mai teburin magani ya miƙo masa maganin ciwon haƙori. Ya je Kaita, wani ya ce masa ya tambayi makanikai, ƙila man inji ne. Ya dawo yana cewa ai dama abu mai daraja ba a samunsa a tebur. Sai ranar da ya hau kabu-kabu zuwa Buza. Suna shiga gari ya daki kafaɗar mai babur har suka kusa faɗawa kwata.

"Tsaya! Tsaya nan! Ga shi!"

Wani dogon gini ne mai katanga, a saman ƙofarsa an rubuta manyan baƙaƙe: C.E.G.

"Wanga ai lakkwal ce, kwaleji," in ji mai babur.

"Kai dai tuƙi ka sani. C ɗin nan kamfani ke nan da Ingilishi. Kamfanin E.G.!"

Ya gyara hula ya nufi ƙofa. Mai gadi ya tambaye shi ko ɗansa ne aka kora.

"Ba ɗana. E.G. na zo saye. Buhu nike so, in babu ku ba ni rabi."

Mai gadi ya dube shi sama da ƙasa. Da ya ga rubutun ledar na Ingilishi ne, sai ya nuna masa wani aji, ya ce ya nemi Madam Nafisa, ita ke koyar da Ingilishi. Lurwanu bai jira a fita hutu ba. Ya kutsa kai cikin ajin yana cewa, "Hawa yu, hawa yu," 'yan makaranta suka miƙe tsaye gaba ɗaya, sun ɗauka sufeto ne. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai, har ya yi musu alama da hannu su zauna.

Madam Nafisa mace ce mai haƙuri. Ta saurare shi har ya gama, ta karɓi ledar ta karanta, ta ɗan danne dariyarta.

"Baba, e.g. ba magani ba ne. Gajarta rubutu ce. Kalmomi biyu ne na Latin." Ta ɗauki alli ta rubuta a allo: exempli gratia. "Masu Ingilishi sun ari baƙin farko na kowace. Ma'anarta, alal misali. In na ce ka kawo mini kayan lambu, e.g. albasa, tumatir, to misali na ba ka, kana iya kawo kabewa ma. Nan cewa sunka yi a cuɗa garin da abincin dabba, misali dusa ko ƙuli-ƙulin gyaɗa."

"Dusa?" in ji Lurwanu.

"Dusa."

"Madam, Bature zai kafa inji, ya buga leda mai ƙyalli, ta ƙetare ruwa ta zo har nan ƙasarmu ta Adar, don kawai ya ce mini dusa? Dusar da ke bayan ɗakin Mairamu?"

"Haka anka rubuta, Baba."

"Kuma wane ne Latin? Ni na zauna Legas. Na ga Yarbawa, na ga Ibo, na ga 'yan Sin. Ban ga Balatine ko guda ba."

"Ba za ka gan su ba. Tsohon harshe ne, babu masu magana da shi yanzu, sai a littafi."

"Ato! Mataccen yare mi ya kawo shi jikin ledar rago mai rai?"

Ajin ya fashe da dariya. Lurwanu ya ɗauka shi ya ci gardama. Ya karɓe ledarsa, ya juya a bakin ƙofa ya ce, "Na gane. Kamfani ya hana ku sayar ma baƙo. Ba komi, in ke kin iya Ingilishin littafi, ni na iya na gari."

Yunwa ta kai shi teburin mai shayi a tasha. Yana zaune yana huci, mai shayi ya fasa ƙwai a kofi ya fara kaɗawa. Lurwanu ya ƙura wa kofin ido. Ya tuna mai shayin bakin gadar da yake karyawa a Legas, da allon da ke rataye a teburinsa, da abin da leburori ke cewa kowace safiya: bired an eg. Ya zaro ledar.

"Eg!" Ya buga tebur har shayin wani ya zube. "Ƙwai! E.G. ƙwai ne!"

Da yamma ya tara mu ya yi bayani. Ya ce kalmar asali G biyu gare ta, kamfani ya rage ɗaya saboda tsadar tawada.

"To ɗigo-ɗigon nan fa da ke tsakani?" in ji Alhusaini.

"Kai ko ido ba ka da shi? Hoton ƙwan ne sunka zana maka. Ga guda, ga guda."

"Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin rago na bin zabuwa shina jiran ta yi ƙwai ba."

"Shi ya sa tun da uwarka ta haife ka ba ka taɓa ganin rago kamar na hoton nan ba."

Wannan amsa ta rufe bakin mutane da dama. Lurwanu ya kafa doka: duk mai rago a wurinsa ya riƙa kawo ƙwai. Ya ƙara da doka ta biyu, wadda haushin Madam Nafisa ne ya haife ta: daga yau babu ragon da zai ƙara ganin dusa, wai tana kashe ƙarfin E.G.

Damina ce, zabbi na ta zuba ƙwai a gonaki, amma ba su isa ba. Maza suka koma lalube a akurkin matansu. Sauda, matar Alhusaini, ta kama mijinta da hannu a ƙarƙashin kazarta mai kwanci, ta bi shi da muciya har ƙofar masallaci. Mata suka daina gaisa da Mairamu a rijiya, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Ragunan kuma suka ƙi. Lurwanu ya kaɗa ƙwai da garin nan a kwatarniya ya ajiye musu, suka shinshina suka juya masa baya. Ya yi musu magana da Hausa, ya yi musu da Ingilishi. Daga nan ya samo kwalba, ya ce ɗura za a yi. Alhusaini zai riƙe ƙaho, shi ya ɗura.

Da ragon maigari aka fara. Alhusaini ya riƙe, Lurwanu ya durƙusa ya kai kwalba. Ragon ya yi atishawa ya fesa masa a tabarau. Alhusaini dariya ta kama shi ya saki ƙaho. Lurwanu ya juya yana laluben gefen riga zai goge ido, ragon ya ja da baya, ya auna, ya zuba masa karo a mazaunai. Direkta ya tafi da ka cikin kwatarniya.

"Ka gani?" in ji shi da ya ɗago, gwaiduwa na bin gemunsa. "Tun bai haɗiye ba ƙarfi ya fara shigarshi!"

Haka aka yi ta yi safe da yamma. Raguna suka kama zawo. Lurwanu ya ce tsohuwar ƙibar ƙauye ce ke fita don ta Turai ta sami wurin zama. Haƙarƙarinsu ya fara bayyana, ya ce ai gini ma sai an ga ƙarfe kafin a zuba siminti, ya ninka musu ƙwan. Ƙwan da ya tara a tukunya a ɗakin kwano kuma zafi ya fara aiki a kansa. Warin bayan gidan Lurwanu ya kai inda liman ya sauya hanyar zuwa masallaci. In masu raguna sun zo dubawa sai ya tare su a ƙofa, ya ce idon mutane na hana E.G. kamawa.

Mairamu kam ba a iya hana ta. Ta tsaya a kan ragonta, ta shafa bayansa, yatsunta na faɗawa tsakanin ƙasusuwa. Ragon ya sa baki yana tsotsar gefen zanenta.

"Malam, dube shi. Ko kuka ba ya iyawa."

"Haƙuri, Mairamu. Ranar kasuwa za ki gode mini."

"Ranar kasuwa in ya kai."

Lurwanu ya juya ya ɗauki kwalbarsa. Shi ma ya ga abin da ta gani, amma ya riga ya aika wa Alhaji Mu'awiya, babban falken Madawa, cewa ya zo da kamiyo babba.

Ranar kasuwa ta zo. Lurwanu ya lulluɓe ragunan da tsofaffin buhuna, wai kada a gani kafin lokaci, aka kora su zuwa Tabotaki, ƙauye duka na biye. Ya sa babbar rigarsa, ya rataya kwalba, ya cika aljihu da ƙwai don nuni. Alhaji Mu'awiya na zaune a kujera cikin farar shadda, maigarinmu a gefensa. Alhaji ya yi shekaru yana kai albasa Kumasi, abin da Lurwanu bai sani ba ke nan.

"Hawa yu, Alhaji!" in ji Lurwanu da ƙarfi don kasuwa ta ji.

Alhaji ya yi murmushi, ya amsa da Ingilishi, ya zarce da wata doguwar magana mai tambaya a ƙarshenta. Lurwanu ya tsaya. Ya gyara tabarau.

"Yes," in ji shi.

Alhaji ya sake wata tambayar.

"Yes. Miks. No cenji."

"Tambayarka na yi sunanka," in ji Alhaji da Hausa.

"Ai... Ingilishin Gana ne naka, Alhaji. Ya bambanta da namu na Legas. Mu je ga aiki."

Ya sa aka yaye buhunan. Ragunan da aka kai masa suna tafiya ƙasa na amsawa, ga su tsaye kamar an rataya fata a kan itace. Maigari ya miƙe a hankali, yana neman nasa, bai gane shi ba sai da ya ga igiyar.

"Lurwanu," in ji shi, "ina sauran ragona?"

"Ranka ya daɗe, ƙibar na ciki, ba ta fito ba tukuna. Bari ku ga yadda ake ba su."

Ya zaro ƙwai daga aljihu, ya matsa gaban Alhaji don ya gani da kyau, ya ƙwanƙwasa shi a bakin kwalba. Ƙwan ya kwana biyu a ɗakin kwano. Ya yi ƙara kamar an harba bindigar gargajiya, wani koren ruwa ya watsu a gaban farar shaddar. Mutanen da ke kusa suka toshe hanci suka ja da baya suna salati.

Ragunan kuwa kwalbar suka hango. Duk rashin ƙarfinsu, sun san ta. Suka fizge igiyoyi suka bazu cikin kasuwa. Ɗaya ya bi ta kan tulin albasa, ɗaya ya kifar da ƙwaryar mai nono, ɗaya ya shige rumfar wanzami mutum na zaune da rabin aski. Sai suka ci karo da layin masu sayar da dusa. Nan gudu ya ƙare. Suka tusa kawuna cikin buhuna, masu dusa na duka suna ihu, ko motsi ba su yi ba. Lurwanu ya ruga zai janye su, santsin albasa ya kwashe shi, ya zauna daram a kan aljihunsa. Sauran ƙwan suka amsa gaba ɗaya.

Alhaji Mu'awiya, yana riƙe da rigarsa nesa da jikinsa, ya sa aka miƙo masa ledar. Ya karanta, ya dubi Lurwanu da ke zaune a ƙasa.

"Wa ya ce maka ƙwai?"

"Ga shi nan, Alhaji. E.G."

"Wanga misali ke nan. Cewa sunka yi a haɗa da abinci, misali dusa." Ya nuna ragunan da haɓa. "Su ga shi sun karanta daidai."

Dariyar da aka yi ranar, har masu rumfunan bakin hanya sai da suka rugo su ji. Alhusaini ya riƙe ciki ya durƙusa. Mai kabu-kabun nan na Buza yana wurin, ya hau kan babur ɗinsa yana ba da labarin kamfanin C.E.G. da yadda malamar makaranta ta faɗa wa Lurwanu wannan magana tun farko, don shi ta taga ya ji komai. Da maigari ya ji haka sai fuskarsa ta sauya.

"Ashe an gaya maka?"

Lurwanu ya buɗe baki, Ingilishi bai zo ba, Hausa ma ba ta zo ba. Ya hango Mairamu can wajen masu dusa, ba ta dariya, ta rungume wuyan ragonta tana cire masa igiyar da ta shaƙe shi. Ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya tafi da kamiyonsa ya cika shi a wani gari. Maigari ya yanke hukunci a nan tsakiyar kasuwa: kowa ya kwashi ragonsa, Lurwanu kuma shi zai riƙa yankan ciyawa da dakon dusa gida-gida har ranar Salla. Allah ya taimaka babu wanda ya mutu. Sun ɗan murmure, an yi layya da su, sai dai shekarar nan babu gidan da ya soya kitse. Keken ɗinkin Mairamu ya koma sai baɗi.

Ana jibi Salla da yamma, Lurwanu ya dawo daga rabon dusa, kansa fari fat, ya zauna a tsakar gida. Mairamu na fama da ɗanyen itace a murhu ya ƙi kamawa. Alhusaini ya leƙo ta kan katanga yana yi masa sannu da aiki, direkta. Lurwanu bai kula shi ba, ledar ce a hannunsa yana jujjuya ta. Can sai ya miƙe zumbur.

"Mairamu! Alhusaini! Ashe ba mu duba bayanta ba! Ga wani nan a ƙasa, I.E.! Wallahi wanga shi ne ainihin..."

Mairamu ta taso. Ta zare ledar daga hannunsa, ta zazzage sauran garin a kwanon dusar ragonta, ta cusa ledar ƙarƙashin itacen, ta ƙyasta ashana. Wuta ta tashi nan da nan.

"Malam," in ji ta, tana nuna murhun da muciya, "wagga mi ake ce mata da Ingilishi?"

Lurwanu ya dubi ragon hoton yana naɗewa yana baƙi.

"Faya," in ji shi a hankali.

"To," in ji Mairamu, ta ɗora tukunya. "Miƙo mini gishiri."